Miyar Kabewa da Haƙƙin Maƙwabci



Ka sani ya ɗan'uwa, kabewa tana da daraja a wurin magabata. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa wani maɗinki ya gayyaci Manzon Allah (SAW) cin abinci, sai Anas ya ga Manzo yana bin yankan kabewa a gefen akushi. Tun daga ranar Anas bai daina son ta ba.

A Haiti, can yankin Karibiyan, miyar kabewa ta zama alamar 'yanci. An ce a zamanin mulkin Faransa bayi 'yan Afirka ne ke dafa wa iyayengijinsu ita, amma an haramta musu ko ɗanɗanawa. Ranar 1 ga Janairu, 1804, da jagoransu Dessalines ya shelanta 'yancin ƙasar a garin Gonayib, an ce sai aka dafa ta aka raba wa kowa. Har yau kowace sabuwar shekara gida-gida ake aikawa da ita, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin gadon al'adun duniya.

Mu ma muna da tamu, wato taushe. Uwargida za ta fere kabewa, ta dafa ta da nama da ƙashi har ta yi luguf, ta dama, ta zuba markaɗaɗɗiyar gyaɗa da daddawa, sannan alayyafo da yakuwa. Ranar Sallah yara kan ɗauki kwanon waina da taushe su kai maƙwabta. A da, a unguwannin Kakuri da Makera na Kaduna, inda masaƙu suka tara ƙabilu daga 1957, kwanon kan shiga gidan Kirista, ranar Kirsimeti kuma ya dawo da shinkafa.

Rikicin 2000 da na 2002 sun raba Kaduna, kogi ya zama iyaka tsakanin Musulmi da Kirista, aikawa ta yi ƙaranci. Wannan abin baƙin ciki ne, domin Manzo ya umarci Abu Zarri ya yawaita ruwan romo saboda maƙwabta, bai kuma ware addininsu ba. Don haka mazauna Barnawa da Sabon Tasha da Narayi, mu farfaɗo da wannan sunna, domin zumunci a ƙafa yake. Allah ya zaunar da Kaduna lafiya, amin.