Abin da Ke Hana Aiki Tsufa

Akwai wasannin bidiyo da aka yi shekaru arba'in da suka wuce, amma har yau in an kunna su ido ba ya ƙin su. Akwai kuma waɗanda aka yi bayansu, aka yi ta yabonsu a zamaninsu, yau kuwa yaro na ganinsu sai dariya. Me ya raba su? Tambayar ta wuce batun wasa, gama ta shafi duk mai aikin hannu.

A shekarar 1981 Shigeru Miyamoto, mai zane a kamfanin Nintendo na Japan, ya zana ɗan mutumin wasan Donkey Kong, wanda daga baya aka sa wa suna Mario. Na'urar lokacin ɗigo kaɗan take iya nunawa, babu wurin zana leɓe ko suma. Sai ya ba shi gashin baki, ya ɗora masa hula. Da wannan kama aka san shi har yanzu. Haka Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro a Mosko a 1984: siffofi bakwai ne kawai, kowace an haɗa ta da murabba'i huɗu. Waɗannan mutane sun san iyakar kayan aikinsu, suka yi gwaninta a cikinta.

Da na'urar PlayStation ta fito a 1994, wasanni da dama suka shiga kwaikwayon surar mutum na gaske. Jama'a suka yi mamaki. Amma da na'urori suka ƙara ƙarfi, sai fuskokin nan suka zama kamar an sassaƙa su da gatari, hannuwa kuma kamar tubali. Kayan aro ba ya rufe katara. Wasan Wind Waker na 2002 kuwa ya zaɓi zane irin na littafin yara. Masu wasa da yawa suka yi gunaguni, suka ce raini ne. Yau ana lissafta shi cikin waɗanda kyansu bai dushe ba, har aka sāke fitar da shi a 2013.

Duk da haka, rashin adalci ne a yi wa masu kwaikwayon nan ba'a. Su ne suka share hanya, kuma ba domin tuntuɓensu ba da na baya ba su iya tafiya ba. Ƙoƙari ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne inda mutum ya ajiye darajar aikinsa. Idan darajar ita ce ya fi na jiya, to, gobe za ta ƙwace ta, domin kullum akwai sabo a hanya. Idan kuwa darajar tana cikin tsari da kula da gaskiya, sabon abu ba ya rage ta da kome.

Tela da magini da malamin makaranta duk suna fuskantar zaɓin nan. Mai ƙaramin hali yakan ji kunyar ƙarancin kayansa, har ya ci bashi don ya yi kama da wanda ya fi shi. Da ya tsaya ya ƙware a kan ɗan abin da ke hannunsa, da aikinsa ya daɗe ana mora. Hular Mario rashin wuri ne ya haife ta, ga ta nan har yau a kansa.