Isnadin Allura

A 1996 aka haife ni, shekarar da Umma ke kira shekarar sanƙarau. Takan ce ranar sunana tsakar gida bai cika ba, domin rabin matan unguwa suna zaman makoki, sauran kuma suna jinya a asibiti. A bakinta kaɗai na san wannan shekara, amma ita ce ta dawo ta zauna a tsakaninmu bayan shekara 25, ranar da na shigo gida da dantse yana tsami, na shaida mata an yi mini allurar rigakafin korona. Umma ba ta kiran sunana, kasancewar ni ne ɗan fari. Ta dube ni ta ɗan jima, sannan ta ce, “Kai yanzu da iliminka ka miƙa musu hannu?”

A lokacin na gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba, sai na shiga aikin wucin gadi da ayarin masu rigakafi a wani ƙaramin asibiti da ke yankinmu. Ba ni nake tsira allurar ba. Nawa shi ne rubuta suna da shekaru a kati, in kuma shigar da su a waya. Alluran farko sun sauka a Abuja ranar 2 ga Maris, 2021, kusan miliyan 4 na AstraZeneca ta hannun shirin COVAX, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Kwana huɗu bayan haka Shugaba Buhari ya naɗe hannun riga a gaban talabijin aka yi masa. Na nuna wa Umma hoton a waya. Ta ce ta ga allura, ta ga hannu, amma ba ta ga abin da ke cikin kwalbar ba.

A kan bencin asibitin nan na sha tambayoyi. Wasu ba su da wuyar amsawa: cewa ƙarfe yana mannewa a inda aka tsira allurar, ko duk wanda aka yi wa zai mutu cikin shekara biyu. Na farko da cokali ake ƙaryata shi, na biyu kuma sai a bar wa lokaci. Wadda ta tsaya mini a rai ta wani dattijo ce da ya rako jikarsa awo. Ya ce, “Ɗan nan, zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke mini jikoki biyu, ba wanda ya biyo ni gida da magani. Wannan ciwo da ban taɓa ganin mai shi ba, me ya sa ake roƙona da maganinsa kyauta?” Na buɗe baki na rufe. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu mutuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya ’yan Nijeriya ne. A 2021 kaɗai kwalara ta kashe mutum sama da 3,000 a ƙasar nan, adadin da ya haura duk mace-macen korona da hukuma ta ƙirga. Gaskiya ne ƙirgar ba ta cika ba; mu da muke Kano a watan Afrilun 2020 mun ga yadda aka yi ta kai dattawa makwanci, daga baya kuma ministan lafiya ya ce rabin waɗannan mace-mace ko fiye na iya zama korona ce sanadinsu. Duk da haka tambayar dattijon tana nan daram. Wanda bai taɓa leƙo ka ranar da kake kwance ba, in ya zo da fara’a ranar da kake tsaye, dole ka tambayi abin da ya kawo shi.

Na yi digiri a nazarin ƙananan halittu, kuma da farko da wannan taƙama nake yi wa Umma bayani. Sai wani dare na yi wa kaina tambayar da ta yi mini: ni na ga abin da ke cikin kwalbar? Ban gani ba. Ban taɓa auna ta a ɗakin gwaji ba, ban ga masana’antar ba, ban halarci gwajin da aka yi a kan dubban mutane ba. Na karanta rahoto, na gaskata waɗanda suka rubuta shi, su ma sun gaskata waɗanda suka tattara alƙaluman, hukumar NAFDAC ta duba ta sa hannu, ni kuma na gaskata sa hannun. Abin da nake kira sani, sarƙa ce ta mutane, kowa ya karɓa daga na gabansa. A makarantar Islamiyya mun san sunan wannan sarƙa: isnadi. Malaman hadisi ba su ga abin da ake ruwaitowa ba, don haka suka duƙufa kan masu ruwayar, wane ne mai gaskiya, wane ne mai mantuwa, wane ne aka taɓa kamawa da ƙarya. Wanda aka kama sau ɗaya, an ajiye ruwayarsa ke nan.

Da na kalli abin ta nan, sai na ga ashe ba jahilci ne ya raba ni da Umma ba. Aiki ɗaya muke yi ni da ita, na auna masu ruwaya, sai dai ita tana riƙe da tarihinsu. A shekarar da ta haife ni, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, a tsakiyar annobar, cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi kisan, kuma an nemi yarda. Aka yi ta shari’a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sunan wannan kamfani yana jikin wasu daga cikin kwalaben da suka iso ƙasar nan. A watan Oktoban 2020 kuwa jama’a suka fasa rumbuna a jihohi da dama, suka tarar da kayan tallafin korona jibge, bayan an sha kulle da yunwa. Sannan a Disamban 2021 aka lalata allurai sama da miliyan ɗaya a Abuja saboda wa’adinsu ya ƙare, domin masu ba da kyautar sun aiko su ne dab da lalacewa. Ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya kira shakkar mutanenmu duhun kai, bai karanta wannan tarihi ba, ko kuwa ya karanta bai taɓa shi ba.

Sai dai ilimin isnadi bai tsaya nan ba, kuma a nan ne na rabu da Umma. Faɗuwar mai ruwaya ba ta mayar da labari ƙarya. Abin da take yi shi ne ta tilasta maka neman wata hanya. Maƙaryaci ma yakan ce gobara ta tashi, kuma ta tashi ɗin. Mun taɓa biyan kuɗin wannan darasi da ƙafafun yara. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin yana hana haihuwa. Ba a dawo da shi ba sai a tsakiyar 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi; wato an canja isnadi, magani kuwa shi ne dai. Kafin a farga cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe, a 2006 kuma yara sama da 1,000 ta shanye a Nijeriya. Sa’o’in ƙannena ne. Wasunsu ina ganinsu a kan kekunan guragu a bakin danja, ba su ne suka yi shakkar ba, ba kuma su ne suka ci amanar da ta haifi shakkar ba. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, bayan an yi asarar rayuka har da na mata masu ɗigon rigakafi da aka harbe a Kano a 2013.

To wace hanya ce ta biyu ga allurar korona? Ni abin da ya gamsar da ni ba jawabin kowane jami’i ba ne, rowar masu kuɗi ce. Ƙasashen da ake zargi da shirya mana guba su ne suka yi rububin saye, suka tara fiye da bukatarsu, suka fara da tsofaffinsu da likitocinsu, mu kuma muka yi ta jiran ragowa. Ba a ɓoye guba a rumbu a hana maƙwabci. Wulaƙancin da aka yi mana a rabon shi ne shaida mafi ƙarfi cewa abin yana da amfani. Na faɗa wa Umma haka, ta yi dariya, ta ce wannan magana ta fi ta rediyo ma’ana. Amma ba ta je ba. Tana da ciwon sukari, tana cikin waɗanda ciwon ya fi kayarwa, kuma na san da na ce mata allurar hawan jini ce ko ta ƙarin kuzari, da ta bi ni. Na yi wannan tunani fiye da sau ɗaya, ba zan ɓoye ba. Abin da ya hana ni shi ne na gane me zan zama: mutumin da ya tsira wa wani abu a jiki ba tare da ya gaya masa ko mene ne ba, don yana ganin ya fi shi sanin alherinsa. Zargin da iyayen yaran 1996 suka yi ke nan, ba ƙari ba ragi.

Akwai kuma wata gaskiyar da ta rage mini ƙarfin murya. A shan inna, wanda ya ƙi ya jefa ɗan maƙwabci cikin haɗari kai tsaye. Allurar korona ta fi ƙarfi wajen hana ciwo ya yi tsanani da hana mutuwa, ba ta toshe yaɗuwa gaba ɗaya ba, musamman bayan ɓullar nau’in Omicron. Haƙƙin maƙwabci yana nan, domin gadon asibiti da iskar numfashi ba su da yawa, amma bai kai nauyin da muka riƙa ɗora masa a lasifika ba. Da mun faɗi haka tun farko, da wanda aka yi wa allura ya kuma kamu da mura mai zafi bai dawo yana ce mana maƙaryata ba.

Jarrabawar da ta fi zafi ta zo ne daga wajen Kawu, ƙanin Umma, wanda shi ya biya mini kuɗin rajista a shekarata ta ƙarshe a jami’a. Ma’aikacin gwamnatin tarayya ne, kuma an ba da umarni cewa daga 1 ga Disamba, 2021, ba mai shiga ofis sai da shaidar rigakafi ko ta gwaji. Ya kira ni zaure bayan isha’i, ya ce, “Ɗana, kati kawai nake so. Ka rubuta, ka shigar a wayar taka, ba sai an taɓa ni ba. Wa aka cuta?” Na sunkuyar da kai na ce, “Kawu, a yi mini haƙuri, wannan ba zan iya ba.” Ya ce ashe boko haka yake mayar da yaro.

Na daɗe ina juya tambayarsa, domin ba ta wofi ba ce. Ina ganin mutum baligi yana da ikon cewa a’a game da jikinsa, kuma dokar tilas a inda babu yarda ba allura take yawaitawa ba, katin bogi take yawaitawa. A nan ina tare da shi. Amma ƙin allura daban, rubuta cewa an yi daban. Na farko ra’ayinsa ne, nauyinsa a wuyansa. Na biyu shaidar zur ce, kuma da hannuna. Sunan da na shigar zai hau cikin alƙaluman da za a kai Abuja, daga can a kai wa duniya, wani ɗalibi ya karanta ya gaskata kamar yadda na gaskata na wasu. Ni ma ashe mai ruwaya ne a cikin sarƙar, ƙarami ƙwarai, a can ƙarshenta. Duk ƙorafin gidanmu shi ne na sama sun yi mana ƙarya a rubuce. Ban ga yadda za a yi in gyara wannan da tawa ƙaryar ba. Bayan mako guda Kawu ya samo katinsa a wani wuri, ban tambayi inda ba. Ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Umma kuwa kujerar Makka ce ta zo mata a 2022, bayan shekara biyu ba a bar alhazan waje sun je ba. Saudiyya ta shimfiɗa sharaɗi: shekaru ƙasa da 65, da cikakkiyar allurar korona, ga kuma ta sanƙarau da aka saba yi wa maniyyata. Ba ta yi gardama ko ta minti ɗaya ba. Abin da na kasa da digiri da alƙaluma cikin shekara guda, takardar maniyyata ta yi shi a yini ɗaya, domin a wurinta masu hidimar Ɗakin Allah ba za su kira baƙinsa su cuce su ba. Na so in ce mata kwalbar dai ita ce wadda ta ƙi bara, sai na yi shiru.

Da safe na raka ta asibitin. Ta zauna a kan bencin nan, ta zame mayafi daga dantsen hagu, ta kau da kai gefe. Da aka gama ta matso teburina, ta ce wa abokiyar aikina, “Ki ba yaron nan ya rubuta, na fi gane rubutunsa.” Na ɗauki biro na tambaye ta suna da shekaru, kamar yadda nake tambayar kowa.