Sauraron Kiɗa a Taro da Sauraronsa a Rediyo: Alhakin Yana Kan Wa?

Tambayar ko wanda ya saurari kiɗa a gaban makaɗa da wanda ya saurare shi ta akwatin rediyo abu guda suka ji ta daɗe tana damun masana falsafar Turai, kuma tana da gindi a fiƙihun Musulunci, ko da yake malaman da suka shimfiɗa hukuncin sauraro sun rasu ɗaruruwan shekaru kafin a ƙera rediyo. A Turai maganar ta taso ne a kan okestira, wato gungun makaɗa da kan kai saba'in ko ɗari, masu goge iri-iri da masu busa da masu ganguna, waɗanda ke bin rubutaccen kiɗa ƙarƙashin jagora guda da ke tsaye a gabansu yana ba da umarni da 'yar siririyar sanda. A ƙasar Birnin Gwari da ke yammacin Jihar Kaduna babu zauren okestira, amma akwai kiɗan fada da na biki da na noma, akwai rediyo, sannan akwai shekaru fiye da goma na rashin tsaro da suka rage taruwar jama'a, har tambayar ta sauko daga littattafai ta shiga rayuwar yau da kullum.

Shirun da aka san masu sauraron okestira da shi a yau, inda mutum kan danne tarinsa har sai an kai ƙarshen wani sashe, kuma a harari wanda ya yi tafi kafin lokaci, al'ada ce da ta fara kafuwa a ƙarni na 19. Kafin nan mutane kan yi hira ana cikin kiɗa, kuma a 1778 mai tsara kiɗan nan Mozart ya rubuta wa mahaifinsa daga Paris yana murnar cewa jama'a sun ɓarke da tafi ana tsakiyar kaɗa abin da ya tsara. Da gidan rediyon BBC ya karɓi ɗaukar nauyin bukin kiɗan bazara na Landan a 1927 yana watsa shi zuwa gidaje, sai sabuwar gardama ta kunno kai. Masanin falsafar nan na Jamus, Theodor Adorno, ya yi iƙirari a 1941 cewa rediyo na ƙanƙantar da babban kiɗa, domin mai sauraro a ɗakinsa ba ya bin ginin kiɗan daga tushe zuwa ƙoli, sai dai ya tsinci guntayen da suka yi masa daɗi. Shi kuwa Glenn Gould, makaɗin piyano ɗan Kanada, ya daina fitowa gaban jama'a a 1964, yana ganin taro na tura makaɗi ga burga, alhali faifai na barin mai sauraro shi kaɗai da kiɗan.

A ƙasar Hausa mai sauraro bai taɓa zama ɗan kallo mai shiru ba, domin da shi ake ƙera waƙar. Ranar hawan salla a masarautun Arewa, da zarar an busa kakaki, wanda ba a busa wa kowa sai sarki, an kuma buga tambari, jama'a kan san cewa sarki ya fito tun kafin su hango lema, sai mata su rangaɗa guɗa, mahaya su zaburo da dawaki su ɗaga hannu su yi jinjina. A dandalin biki kuma makaɗi na waƙa 'yan amshi na karɓa, sanƙira, wato mai shelar da ke tsaye tsakanin makaɗi da jama'a, yana faɗin sunan wanda ya yi kyauta da yawan abin da ya bayar, makaɗin kuwa yana tsawaita ɗiyan waƙa ko ya gajarta su gwargwadon abin da yake gani a fuskoki. Saboda haka lokacin da Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya shiga watsa waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos har zuwa ƙauyuka irin su Kuyello da Randagi da Dogon Dawa, hasarar da aka yi ta bambanta da wadda Adorno ya koka a kai. Sautin kalangu da kotso da kuntigi bai ragu sosai ba, abin da ya ɓace shi ne ikon mai sauraro na mayar da martani, ya yi kyauta ko ya hana, ya tashi ya bar wurin idan an wuce gona da iri.

Malaman Musulunci sun ba wannan taro muhimmanci fiye da yadda ake zato. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda almajiran ilimi ke karantawa a zaurukan ƙasar nan, ta hana mutum ya saurari kayan wargi da waƙa da gangan, kuma sharaɗin ganganci shi ya sa malamai suka bambanta wanda sauti ya faɗo masa a kunne da wanda ya nufi sauraro. Imam Algazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe wa batun babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, inda ya nuna cewa kiɗa ba ya zuba wa zuciya abin da babu shi a cikinta, yana motsa abin da ya tarar ne kawai, don haka hukuncin na sauyawa daga mutum zuwa mutum, kuma sai an duba lokaci da wuri da abokan zama. Har kayan kiɗan da ya hana, irin masu tsirkiya da wasu na busa, ya danganta hanin da cewa su ne alamar majalisar mashaya. Ibn Hazm na Andalus ya raunana hadisan hani, Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim kuma suka tsananta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya soki shagalar sarakunan Hausa da kaɗe-kaɗe, amma ya yarda da buga ganga don wata manufa ta shari'a, kamar tara runduna ko sanar da tashinta. Saɓanin bai mutu ba har yau, domin 'yan Ƙadiriyya na buga bandiri a wurin zikiri, malaman Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, na inkarin haka.

Rediyo ya warware igiyar da ta ɗaure sauti da majalisa. Manomin da ya rataye rediyonsa a reshen ɗorawa yana noma, ko makiyayin da ke bin shanu a gefen dajin Kamuku da rediyo a kafaɗa, ba ya cikin cakuɗar maza da mata, ba ya kusa da giya, ba ya ɓarnar dukiya wajen liƙi, wato yawancin dalilan da masu sassauci suka ce su ne asalin hani sun faɗi a kansa. Abin lura ma shi ne tashar da ke kawo masa Shata ita ce ta riƙa kawo masa tafsirin Shaikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello, kuma bai ga wani karo a tsakani ba. Wanda ya riƙi cewa kayan kiɗan kansu ne haramun ba zai ga wani sauyi ba, sai dai shi ma dole ya yi wa fasinjan motar haya uzuri, wanda direba ya ƙure masa waƙa daga Birnin Gwari har Funtuwa bai nema ba. Amma ga wanda ya bi Algazali, rediyo bai sauke nauyi ba, ya tattara shi ne gaba ɗaya ya ɗora wa zuciyar mutum guda, tunda babu sauran dattijon da zai tsawatar, babu idon jama'a da za a ji kunyarsa.

A nan ne halin da Birnin Gwari ta shiga ya nuna raunin ra'ayin Gould cewa kaɗaici na tsarkake sauraro. A shekarun da hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, ƙauyuka suka watse, aka daina kwana ana biki, sauraro ya koma cikin wayar hannu da katin ajiyar waƙoƙi, kuma a irin wannan lokaci ne waƙoƙin yabon jagororin 'yan bindiga suka riƙa yawo daga waya zuwa waya a Arewa maso Yamma. Yabon ɓarayi da 'yan tauri ba sabon abu ba ne a waƙar Hausa, amma makaɗin da zai wasa wanda ya kore shanun gari a dandalin garin, a gaban masu shanun, sai ya shirya fuskantarsu, alhali waƙar da ke cikin waya ba ta fuskantar kowa. Yaron da ke jin ta a ɗaka yana iya cewa kiɗan kawai yake so, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, sai dai yawan masu irin wannan uzuri shi ke gina wa wanda aka wasa suna, ba tare da ko mutum ɗaya ya ji cewa shi ya yi kyautar ba.

Wannan ba hujja ba ce ta fifita taro a kowane hali, domin dandalin biki na da nasa ɓarnar da malamai suka daɗe suna faɗa, kuma rediyo ne ya isar da waƙoƙin Narambaɗa ga talakan da ba zai taɓa shiga fadar Isa ba, ya kuma ba matan kulle damar jin Barmani Coge ba tare da sun fita ba. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne sharuɗɗa ukun nan na lokaci da wuri da abokan zama ba su faɗi ba, sun sauya kama ne kawai, ta yadda abokan zaman mai waya su ne waɗanda suka turo masa waƙar da waɗanda zai tura wa. Tun bayan sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla a ƙarshen 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, taruka sun fara dawowa, kuma makaɗan da za su tsaya a cikinsu za su tarar da matasan da suka girma suna jin waƙa su kaɗai, waɗanda da yawansu ba su saba da cewa ana iya hana makaɗi kyauta don a nuna masa ya yi kuskure ba.