Wa Ke da Iko a Kan Iskoki?

Daga Talata Mafara har Bakura da Maradun, in yaro ya faɗi yana sandarewa, ko mace ta yi ta ɓari, akan ce iska ce ta taɓa su. Akwai masu baftisma da ke zuwa Misa ranar Lahadi, su kuma kwana gidan boka ranar Litinin. Tsoro ne ke kai su. Bari mu ga abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana.

Aljannu halittu ne, ba kishiyoyin Allah ba ne. Shaiɗan bai iya taɓa Ayuba ba sai da izini, kuma an yi masa iyaka. A Markus sura 5, tulin aljannun da suka gagari sarƙa da mari roƙon Yesu suka yi ya bar su su shiga garken aladu wajen 2,000. Mai neman izini bawa ne. Boka yakan lallashi iska da jinin akuya da turare, amma Ubangiji umarni kawai ya bayar, suka fita.

Ikon nan na Allah ne, ba ya zama laya a hannun mutum. A Afisa, 'ya'ya bakwai na wani babban firist Bayahude sun ari sunan Yesu su kori aljani, ba tare da sun ba da gaskiya ba. Mai aljanin ya far musu, suka gudu tsirara da raunuka (Ayyukan Manzanni 19). A Markus 9 ma almajirai sun kasa warkar da wani yaro, Yesu kuwa ya nuna musu cewa addu'a ce suka rasa. Wanda ya rataya rosari kamar guru, alhali zuciyarsa tana nesa da Allah, bai bar tsafi ba, sunansa kawai ya sauya.

Kama da wane ba ta wane. A 2010, yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da yawansu suna jijjiga suna sandarewa. Da likitoci suka bincika, sai aka tarar gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Sanƙarau da ya addabi Zamfara a 2017 shi ma ƙwayar cuta ce. Uban da ya kira irin wannan ciwo iska, ya ɓata kwana uku yana turare, zai iya rasa ɗansa. Shi ya sa Ekklesiya take taka-tsantsan. Doka ta 1172 cikin Dokokin Ekklesiya na 1983 ta hana kowa yin babbar addu'ar korar aljannu sai Fada da Bishop ya ba izini. Sabon tsarin addu'ar, na 1999, ya ce a tabbata tukuna ba ciwon jiki ko na ƙwaƙwalwa ba ne.

Saboda haka, in ɗanka ya faɗi, ka yi alamar gicciye, ka ɗauke shi zuwa asibiti, ka aika a faɗa wa Fada ko katekis. Neman magani ba rashin bangaskiya ba ne, gama Allah ne ya ba likita sani. A ranar baftisma mun yi alkawari mun ƙi Shaiɗan da dukan ayyukansa. Mu riƙe alkawarin nan da addu'ar iyali, da furta zunubi, da karɓar Jibi Mai Tsarki. Ubangiji ya ƙara mana bangaskiya, ya kuma tsare gidajenmu daga Mugun. Amin.