IDAN AKWATIN REDIYO YA YI SHIRU



Rediyo baiwa ce daga wurin Allah. A ƙasar Arewa, daga Dogon Kiriya har Dogon Dutsi da Tibiri, inda mai wa'azi bai kai da ƙafa ba, Bishara takan kai ta cikin iska.

A 1954 mishan SIM ta buɗe gidan rediyon ELWA a Monrobiya, ƙasar Laberiya, Hausa tana cikin harsunan da aka yi wa'azi da su. A 1963 aka buɗe wani a Adis Ababa ta ƙasar Habasha, ana shirya masa wa'azin Hausa a Jos da sunan Muryar Bishara. Amma a 1977 gwamnatin soja ta ƙwace na Habasha. A 1990 kuma yaƙin basasa ya rushe ELWA, sai daga baya aka sāke gina shi.

Yau ma batir yakan ƙare, akwati yakan lalace. Ran da naka ya yi shiru, me zai rage a gidanka?

Manomi mai hankali ba ya cinye geronsa duka. Yakan zaɓi zangarniya mai kyau ya ajiye a rumbu domin shuka. Maganar Allah ma iri ce. Duba Markus sura 4: wanda ya faɗi a bakin hanya, tsuntsaye ne suka tsince shi.

Saboda haka, in lokacin wa'azi ya yi, ku tara 'ya'yanku ku saurara tare. In an gama, wanda ya iya karatu ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ku haddace aya ɗaya, ku yi addu'a. Ran Lahadi ku tafi sujada, ko da a ƙarƙashin gawo ne. Rediyo ba ya yi wa mutum baftisma, ba ya zuwa gaishe ka ran da kake kwance ba lafiya. Wannan aikin ikkilisiya ne.

Abu mafi girma shi ne wannan: jin wa'azi kaɗai ba ya ceton kowa. Yesu ya mutu a kan gicciye saboda zunubanka, ya tashi a rana ta uku. Ka tuba, ka gaskata da shi, ka shaida shi da bakinka. Karanta Romawa 10:9-17.

Ɗan'uwa, ka daɗe kana ji. Ka karɓe shi? Kada ka bari sai gobe.