Zazzaɓin da Ke Tafiya Ya Dawo

Ƙwarƙwata ba baƙuwar kowa ba ce. Wanda ya taɓa zama a cunkoso, ko ya ga ana duba wa yaro riga da hantsi, ya san yadda ake yi da ita: a buɗe kalmasar wuyan riga ko ƙugun wando, a tsinto ta, a sa ta tsakanin faratan manyan yatsu biyu, a matsa har ta ce ƙas. Daga nan sai a goge ɗan jinin a jikin zane, hankali ya kwanta, an rage mugun iri. To abin lura a nan shi ne, akwai cutar da ta wannan fashewar take samun ƙofar shiga jikin mutum.

Sunan ƙwayar cutar Borrelia recurrentis, siririya ce, doguwa, a murɗe take. Ƙwarƙwatar tufafi ce ke ɗaukar ta, wadda ke zaune cikin ɗinkin kaya, ba ta fitowa sai za ta sha jini. Idan ta sha jinin marar lafiya, ƙwayar takan ratsa hanjinta ta shiga ruwan jikinta, ta yi ta hayayyafa a can. Ba ta cikin yawunta, shi ya sa cizon kansa ba shi ne babban haɗari ba. Sai an murƙushe ta, ruwan ya taɓa inda aka sosa ya kwaile, ko yatsan ya kai ga ido, sannan aiki ya ɓaci.

Bayan kamar mako guda sai zazzaɓi ya rufe mutum farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani da ciwon gaɓoɓi. Wani ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara, wani ya yi ta haɓo, hanta da saifa su kumbura. Ana kwana biyar ko kusa da haka a cikin wannan hali, sai gumi ya karyo, jiki ya yi sanyi. 'Yan dubiya su ce, "Alhamdu lillahi, jiki ya yi kyau." Marar lafiya ya nemi kunu, har ya fara fita ƙofar gida. Mako guda ko fiye ya wuce lafiya lau, sai ga zazzaɓi ya dawo.

Me ya faru a tsakani? Garkuwar jiki tana gane abokin gaba ne da abin da ke lulluɓe da shi. Bayan ƙwayar nan a rufe yake da wani furotin iri ɗaya, jiki kuwa yakan ɗauki kwanaki kafin ya ƙera makaman da suka dace da wannan irin daidai. Da sun fito sai su share ƙwayoyin daga jini, wannan shi ne sauƙin da aka gani. Amma ƙwayar tana da ajiyar nau'o'in wannan furotin masu yawa a cikin kayan gadonta, ɗaya kawai take fitarwa a lokaci guda, sauran suna ɓoye. Cikin miliyoyin da ke yawo a jini, kullum akan sami 'yan kaɗan da suka riga suka sauya nasu. Kamar ɓarawo ne a kasuwa da aka yi wa ihu aka ce mai jar riga ne: ya shiga lungu ya fito da shuɗiya, 'yan banga suna ta kama masu ja, shi kuwa ya ratsa ta gabansu har da sallama. Waɗannan 'yan kaɗan su ke tsira, su yaɗu, su cika jinin, jiki kuma ya koma ƙera sababbin makamai tun daga farko.

Dabara ta biyu, a ganina, ta fi ta farko ban mamaki. A cikin ruwan jini akwai wasu sinadarai da ba sa jiran a gabatar musu da maƙiyi, duk baƙon da suka tarar sai su manne masa, su huda shi. Don kada su afka wa naman jikin mai su, jiki yana da wasu furotin masu tsawatar musu, ɗaya daga ciki ana kiransa Factor H. Ƙwayar nan tana da abin da take kamo wannan mai tsawatarwa da shi, ta liƙa shi a bayanta. Sinadaran su zo, su ji umarnin a dakata, su wuce. Wato da kayan jikin mutum take kare kanta daga jikin mutum.

Wani likita Bajamushe, Otto Obermeier, shi ya fara ganin ta a jinin marasa lafiya a birnin Balin a 1868, ya wallafa bayaninsa a 1873. Tana cikin ƙwayoyin farko da aka danganta da wata cuta ta ɗan Adam. Ɓarnarta kuwa tana bin sawun yaƙi da yunwa. An ƙiyasta cewa daga 1919 zuwa 1923 ta kama mutum miliyan 13 a Rasha da gabashin Turai, miliyan 5 suka mutu. Mu ma ba ta tsallake mu ba: annobar da ta tashi a Gini a 1921 ta bi ta ƙasashen Sahel, ta ratsa Nijar da arewacin Najeriya da Chadi, ta isa Darfur a 1926. A yau matattararta tsaunukan Habasha ne, inda sanyi ke hana talaka tuɓe kaya, sai kuma maƙwabta irin su Iritiriya da Somaliya da Sudan. A 2015 an same ta a jikin 'yan gudun hijira da suka isa Italiya da Jamus.

Duk wannan wayon nata, maganinta ba shi da wuya. Sau da yawa allurar fenisilin ɗaya, ko shan doxycycline sau ɗaya, ya wadatar. Sai dai a gaban ma'aikacin lafiya ake yi, domin sa'o'i kaɗan bayan magani, lokacin da ƙwayoyin ke mutuwa da yawa, jiki kan ɗauki makyarkyata, zafi ya hau, bugun jini ya faɗi, wani har ya rasa ransa idan ba a kula ba. Mai ciki kuwa tana iya yin ɓari ko da magani ko babu. Kuma ana ganin ƙwayar a gwajin jini ne lokacin da zazzaɓin ke kai. Idan aka bari sai kwanakin sauƙi, da wuya a gan ta. Ga shi kuma tana kama da zazzaɓin cizon sauro, sai a yi ta shan maganin da ba nata ba.

Ita ƙwarƙwatar ba ta jure zafi. Tafasasshen ruwa da dutsen guga suna kashe ta har ƙwayayenta, shi ya sa cutar ba ta zama sai inda mutum ba shi da kayan sauyawa, ba ruwa, ba sabulu: sansanin gudun hijira, gidan yari, ɗakin da mutum ashirin ke kwana. Masu kula da irin waɗannan wurare, har da makarantun kwana da tsangayu, don Allah a riƙa tafasa kayan sawa da na shimfiɗa, a hana yara fasa ƙwarƙwata da farce. Wanda kuma zazzaɓi ya sake shi ya sake dawo masa, a kai shi asibiti a ɗebi jininsa tun jikin yana da zafi.