Ladan kuturu: wa zai biya kuɗin fim ɗin wanda aka tauye wa ƴanci?

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wannan karin magana ya shafi mai shirya fim na zahiri, wato fim ɗin da babu ɗan wasa a cikinsa, sai mutane na ainihi suna faɗin abin da ya same su. Irin wannan aiki yana cin kuɗi: na'urar ɗaukar hoto, mota da mai, watannin tace hoto, da fassara. Wanda ake ba da labarinsa kuwa, in an hana shi matsayin cikakken ɗan ƙasa, galibi ba shi da ko dala. Dole wani ya biya. Abin tambaya shi ne: wane irin aski mai kuɗin zai nema, kuma kan wa za a aske?

Mu fara da nesa kafin mu dawo gida. A tsibirin Sabuwar Kaledoniya, cikin tekun Pasifik, akwai al'ummar Kanak, waɗanda su ne masu ƙasar tun asali. Faransa ta mallaki tsibirin a 1853, ta ɗora musu dokar nan ta talakawan mulkin mallaka wadda kakanninmu ma suka ɗanɗana a nan Nijar, kuma ba a ɗauke ta ba sai 1946. A 1931, lokacin bajekolin ƙasashen mallaka, an kwashi Kanak sama da 100 aka kai su birnin Paris, aka tallata su a matsayin masu cin naman mutane, alhali da yawansu sun yi makaranta. Malaman Faransanci sun san labarin ta littafin Cannibale na Didier Daeninckx. An kashe kuɗi don duniya ta gan su, kuma ta gan su, amma da siffar da mai kuɗin ya ga za ta cika masa aljihu. Har a watan Mayu na 2024 an zubar da jini a tsibirin kan batun wanda ke da ikon jefa ƙuri'a. Ke nan nuna mutum ga duniya daban, ba shi matsayinsa daban.

A nan jihar Tawa muna da namu. Hadijatu Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 kan jikka 240, aka mai da ita wahaya, wato macen da ake ajewa bayan mata huɗu ba tare da ɗaurin aure ko sadaki ba. A 2003 dokar ƙasa ta mai da bauta babban laifi. A 2005 maigidan ya ba ta takardar ƴantawa, sannan ya ce ai matarsa ce. Da ta auri wanda take so, kotu a Birnin Ƙonni ta yanke mata wata 6 a gidan kaso a 2007, wai ta yi aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria da wasu ƙungiyoyin waje ta kai ƙara kotun CEDEAO, wadda ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce ƙasa ta kasa kare ta, ta kuma umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Daga baya wasu mata biyu ƴan ƙasar Sipaniya, Lala Gomà da Rosa Cornet, sun yi fim a kanta mai suna Hadijatou, j'accuse. Sun yi abin da ya kamata. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne, labarin ya faru a ƙofar gidanmu, tsakanin Ƙonni da Illela da Madawa, amma sai da baƙi suka zo da kayan aikinsu da guzurinsu.

Kan wannan batu mutanenmu sun kasu biyu. Wasu sun ce karɓar kuɗin Turawa don a nuna aibinmu tonon asiri ne, kuma mai ba da kuɗi ya fi son hawaye da tsumma, domin su ke motsa zuciyar masu kallo a ƙasarsa. Akwai gaskiya a nan. Mai neman tallafi yakan rubuta takardarsa da Faransanci, ga kwamitin da bai taɓa taka Adar ba, kuma tun daga takardar yake fara lanƙwasa labarin don ya dace da kunnen alƙalan. Wasu kuma sun ce kuɗi ba su da ƙabila, kuma asirin da ake so a rufa na wanda ya sayi yarinya ne, domin ita wadda aka saya babu abin da rufin asirin ya tsinana mata. Nan ma akwai gaskiya, kuma ta fi ta farko nauyi. Da an bi shawarar masu cewa a yi shiru, da Hadijatu ba ta ga ƙofar kotu ba.

Tarihin sinimar ƙasarmu ya nuna cewa asalin kuɗin bai isa ya yanke hukunci ba. Jean Rouch, wanda ya rasu a hatsarin mota kusa da Ƙonni a watan Fabrairu na 2004, da kuɗin Faransa ya yi aikinsa. Usman Sembène na Senegal ya taɓa zarginsa, shi da ire-irensa, da kallon ƴan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. Duk da haka, a cikin fim ɗinsa Moi, un noir na 1958 ya miƙa magana ga Umaru Ganda, wanda daga baya ya ɗauki na'urar da kansa, har ya zama na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972. Kusa da mu kuma ga Sani Elhaji Magori, ɗan Galmi. Ya samu horo ta hanyar shirin Africadoc, ya yi aiki da abokan hulɗa na Faransa, amma fim ɗinsa na 2008 kan albasar Galmi da auren da ya rataya ga farashinta, da Hausa yake magana, kuma manomin da ke ciki mutum ne mai lissafi da dabara, wanda mai kallo zai girmama.

To mene ne ma'aunin? A ganina, ƴancin ɗan ƙasa tushensa shi ne a ji ta bakinka cikin abin da ya shafe ka. Fim ɗin da ke nema wa mutum wannan ƴanci, wajibi ne ya fara ba shi shi tun wajen aiki. A bayyana masa da harshensa inda hoton zai je da abin da ka iya biyowa baya, domin baƙo zai hau jirgi ya tafi, ita kuwa mai maganar gobe za ta haɗu da dangin tsohon maigidanta a kasuwa. A nuna masa aikin kafin a fitar, kuma ya iya cewa a cire wuri kaza. Sannan a haska fim ɗin a garinsa kafin a kai shi bukukuwan Turai. Mai kuɗin da ya yarda da waɗannan sharuɗɗa uku, ladansa halal ne ko daga ina ya fito. Wanda ya ƙi, ko ɗan unguwarmu ne, ya sake sayen mutumin karo na biyu.

Yanzu kuma zamani ya sauya. Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, ke nan hanyar da Hadijatu ta bi ba a buɗe take ga ta bayanta ba. A watan Maris na shekarar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda asusunta ya daɗe yana tallafa wa masu fim na Afirka. A cikin watan ne kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk wanda ya yi murna da cin gashin kai, to ya sani nauyi ya dawo kansa. In mun ce kada baƙo ya biya, mu kuma muka ƙi biya, sakamakon shi ne shiru, kuma mun san wanda shiru ke yi wa amfani.

Ba mu rasa dabara ba. Tun 1991 matan karkarar Maradi suka nuna, ta asusun Mata Masu Dubara, cewa ƴan kuɗin da ake zubawa mako-mako suna zama jari. Ƙungiyoyin al'adu da na malamai, da ƴan kasuwar albasa, da ƴan ci-rani na Abijan da Legas, za su iya kafa irin wannan asusu don fim ɗaya a shekara. Ko bai kai rabin kuɗin ba, zai ba mai fim ƙarfin da zai kalli babban mai tallafi ya ce masa a'a. Makarantunmu kuma suna da fili da bango, kuma ɗalibanmu na Ƙonni da Malbaza da Illela sun cancanci su ji wannan labari daga bakin mai shi, cikin harshen da aka yi cinikinta da shi.